Yadda ake shirya jiki da zuciya kafin a shiga Defo a Zariya

Duk lokacin da aka ce soja sun buɗe ɗaukar kurata, filin firamaren unguwarmu yakan cika da samari da an sallame asuba. Wanda rabonsa da gudu tun yana aji uku na sakandare sai ka gan shi ya ɗaure ƙugu yana zagaye fili kamar an biyo shi. Kwana huɗu, kwana biyar, sai fili ya fara raguwa. Wannan ƙwauri ya kumbura, wancan gwiwa ta riƙe, wani kuwa ya gane barcin safe ya fi masa daɗi. Ni a bariki na tashi, mahaifina da muƙamin saje ya yi ritaya, don haka na daɗe ina kallon masu tafiya Defo da masu dawowa. Abin da na lura da shi shi ne, ba rashin ƙarfi ne ya fi kayar da yaranmu ba. Gaggawa ce ke karya musu ƙafa tun a gida, zuciya kuma ta ƙarasa su a can. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanena. In kana da niyya, ware wata uku, ka bi abin nan sannu a hankali.

Ka fara sanin inda za ka. Defo ita ce makarantar horar da kuratan sojan ƙasa ta Najeriya da ke Zariya, an kafa ta a 1924, kuma horonta yakan ɗauki wajen wata shida. Ba ita ce makarantar hafsoshi ta Kaduna ba, wadda aka buɗe a 1964. Can hafsa ake fitarwa, nan kuwa farabiti. Barikin da take ciki ana kiransa Chindit, sunan wasu dakaru ne da suka yi yaƙi a dazukan Bama a yaƙin duniya na biyu, kuma a 1944 akwai bataliyoyin Najeriya a cikinsu. Tsofaffin da ake ce wa 'yan Bama a garuruwanmu, ire-irensu ne. Sojan ruwa suna horar da nasu kuratan a Onne ta jihar Ribas, sojan sama a Kaduna, kuma galibin abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Mataki na farko: takardu

Wannan ba zan daɗe a kansa ba, domin sanarwar kowace shekara ita ce alƙali, ka karanta ta da kanka. A 'yan shekarun nan ana neman wanda bai yi aure ba, ɗan shekara 18 zuwa 22, mai sana'ar hannu kuma har zuwa 26. Tsayin namiji kada ya gaza mita 1.68, na mace ƙasa da haka kaɗan. Ana son sakamakon kammala sakandare da ya haɗa da Turanci, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da sa hannun iyaye. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka su zo ɗaya a kowace takarda. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya ba ka wahala a layi. Ka auna tsayinka ba takalmi, ka jingina da bango. Cike fom kyauta ne a shafin rundunar na intanet. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saya maka gurbi, ɗan damfara ne, ko da kuwa sanye yake da kaki.

Mataki na biyu: je asibiti kafin ka je fili

Samari ba sa son wannan matakin, sun fi son a ce musu ga yawan zagayen da za su yi. To amma a wajen tantancewa likita zai duba ka tsaf, daga ido har tafin ƙafa, kuma gara ka ji labarin jikinka a garinku da ka ji shi a gaban ɗaruruwan mutane bayan ka kashe kuɗin mota.

Ka sa a auna maka hawan jini, a saurari zuciya da huhu, a gwada ido, a duba ciwon hanta da ƙanjamau, a duba gwaiwa da basir. Ka nuna ƙafarka: gwame da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa suna cikin abubuwan da ake dubawa. In kana da haƙorin da ke damunka, ka cire ko ka cike shi yanzu. Ciwon haƙori a daji da tsakar dare ba abin da za ka yi wa maƙiyinka fata ba ne.

Sannan ka san rukunin jininka na gado. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila ba tare da yana ciwon ba, kuma mai AS lafiyayye ne, yana noma yana ƙwallo ba ya jin komai. Sai dai likitocin sojan Amurka sun daɗe da lura cewa in aka haɗa gudu mai tsanani da zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki, mai AS ya fi sauran shiga haɗarin faɗuwa da lalacewar tsoka. In kai ne, ba cewa na yi ka fasa ba. Cewa na yi ka gaya wa likita abin da kake shirin yi, ka bi shawararsa, ka fi kowa kiyaye ruwa, kuma kada ka kuskura ka yi gudun ƙure ƙarfi kana cikin zazzaɓi. Wannan na ƙarshen ya hau kan kowa: maleriya da gudu ba sa haɗuwa. Ka sha magani, ka warke, ka ƙara kwana biyu ko uku, sannan ka koma fili.

Maganar ƙwaya kuma a fili take. Ana gwajin fitsari. Tiramol, kodin, wiwi, duk suna fitowa. Kada wani ya ruɗe ka da cewa in ka sha tsamiya ko lemon tsami daren tafiya za su wanke. Ko da ka tsallake gwaji, wanda jikinsa ya saba da tiramol, ranar da ya rasa ta zai kama zufa da rawar jiki da gudawa da rashin barci, a daidai lokacin da ake ce masa ya ɗauki jaka ya bi layi. In ka san ka saba, ka nemi taimakon likita wajen dainawa tun yanzu, ko da hakan zai sa ka jira ɗauka ta gaba. Taba ma ka ajiye, huhunka zai gode maka tun a wata na farko.

Mataki na uku: gina ƙafa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Dalili kuwa, gaɓoɓin jiki ba tare suke sabawa da wahala ba. Zuciya da huhu sukan kama cikin 'yan makonni, sai ka ji haki ya ragu, ka ɗauka ka zama doki. Ƙashi da jijiya da agara kuwa suna buƙatar watanni. Wanda ya biye wa numfashinsa ya riƙa ƙara nisa kullum, ƙashin ƙwaurinsa ne zai biya bashin.

Na gani a gidanmu. Ƙanena ya samo but na soja a gwanjo, ya ce da shi zai riƙa gudu don ya saba. Kullum a kan kwalta, kilomita biyar, ba hutu. A mako na biyu ya fara ɗingishi yana ɓoyewa. Wata safiya Baba ya zaunar da shi a kan turmi, ya naɗe masa wando, ya bi gefen ƙwaurin da babban yatsa yana dannawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Yana zuwa wani wuri da bai fi faɗin kwabo ba, yaron ya zabura ya saki ƙara. Baba ya ce, "To, Malam kurtu, ka yaye kanka tun ba ka je ba." Hoton asibiti ya nuna ƙashin ya tsage. Mako takwas ya yi ba gudu, ɗaukar shekarar ta wuce shi.

Ka riƙe wannan gwajin na Baba. Ciwon da ya bazu a tsawon ƙwauri, yake lafawa in ka huta, gargaɗi ne: rage nisa, koma ƙasa mai laushi, ɗan huta kwana biyu. Ciwon da ya taru wuri ɗaya, kana iya nuna shi da yatsa, yana damunka ko a tafiya ko a kwance, wannan na asibiti ne, ba na mai ɗori ko man zafi ba.

Ga yadda za ka raba mako 12.

Mako uku na farko, kwana uku kacal a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ka fara da tafiya mai sauri ta minti biyar don jiki ya ɗumama. Sannan sassarfa minti biyu, tafiya minti ɗaya, ka yi ta maimaitawa har minti 20, daga baya 30. Ma'aunin saurinka shi ne ka iya yi wa na kusa da kai magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Za ka ji kamar wasa kake yi, abokanka za su wuce ka suna dariya. Bar su. A ƙasa za ka yi, filin ƙwallo ko hanyar gona, da kambas mai laushin ƙasa, ba silifa ba, ba but ba.

Mako na huɗu zuwa na shida, ka daina tsayawa. Kilomita uku a jere, ka kai shi huɗu, ka kai shi biyar. Kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi a makon baya, ko kusa da haka. A nan ne za ka fara auna kanka da gudun mil biyu, wato kilomita 3.2, wanda sojoji da dama ke gwada juriya da shi. In filin wasa ne mai zagayen mita 400, zagaye takwas ke nan. In cikakken filin ƙwallo ne, ka bi bakin layi sau tara da ɗan ɗori. Ka rubuta lokacinka a littafi, sau ɗaya a mako biyu. A ganina namijin da ya iya gama shi ƙasa da minti 16 ba tare da ya zube ba ya kama hanya. Wannan ma'aunina ne, ba dokar soja ba.

Mako na bakwai zuwa na tara, kaya ya shigo. Kurtu ba gudu kaɗai yake yi ba, tafiya yake yi mai nisa da jaka a baya da bindiga a hannu, kuma AK-47 da gidan harsashinta cike tana kai wajen kilo huɗu. Kilo huɗu ba komai ba ne a minti goma na farko. Bayan awa uku sai ka rantse an ƙara mata dutse. Hanya mafi sauƙi ta auna kaya ita ce ruwan leda: kowane ƙulli rabin lita ne, wato rabin kilo, jaka guda mai ƙulli 20 kilo goma ke nan. Ka fara da ƙulli goma a jakar goyo, ka naɗe su da tsumma don kada su riƙa dukan bayanka, ka ɗaure igiyar jakar ta manne da kafaɗa. Tafiya za ka yi, ba gudu ba, kilomita biyar, sau ɗaya a mako. Ka riƙe taɓarya ko guntun ƙarfe a hannu a madadin bindiga. Yanzu ne za ka fara sa but, a wannan tafiyar kawai.

Mako uku na ƙarshe, gudu kwana huɗu: biyu masu sauƙi, ɗaya dogo na kilomita takwas zuwa goma, ɗaya na sauri, wato ka zura zagaye ɗaya da ƙarfi, ka yi tafiya rabin zagaye, sau shida. Tafiyar kaya ta kai kilo goma da kilomita goma. In akwai tudu ko dutse kusa da ku, ka riƙa hawa.

Ke kuma ƙanwata, tsarin nan naki ne, sai dai ki ƙara haƙuri a wajen ƙara nisa da nauyi, domin tsagewar ƙashi ta fi samun mata a horon soja, musamman a ƙwauri da ƙugu. Ki sa a duba miki yawan jini. In al'adarki ta ɗauke saboda yawan gudu, ba alamar ƙarfi ba ce, alama ce cewa abincin bai kai aikin ba.

Tafin ƙafa ma yana da nasa haƙƙi. Ki yanke, ka yanke farce a miƙe, kada a bi kwana. Safa mai kauri, a wanke ta kullum, kada a sa ta da danshi. Wurin da ka ji ya fara zafi a diddige, ka tsaya ka manna filasta tun bai yi bororo ba. In ya yi, kada ka ɓare fatar. Baba yakan shafa basilin a tsakanin yatsu da matsematsi kafin doguwar tafiya, kuma bai taɓa kwanciya ba tare da ya wanke ƙafa ya tsane ta ba, ko da ruwan bai fi cikin buta ba.

Mataki na huɗu: hannu, ciki da baya

Ba ka buƙatar gidan ɗaga ƙarfe. Manyan damatsa na hoto ba sa taimakon mai rarrafe a ƙarƙashin waya. Abin da ake so shi ne ka iya ɗaukar nauyin jikinka sau da yawa, a gajiye. A ranakun da ba ka gudu, ka yi fires-of, baya a miƙe, ƙirji ya kusa taɓa ƙasa. Goma mai kyau ya fi talatin na algus. Ka yi sitof, wato ka kwanta rigingine ka riƙa tasowa zaune, ka yi tsuguno da tashi irin na kamun kunnen makaranta, ka kama reshe ko ƙarfen raga ka ja jikinka sama har haɓa ta wuce. Ka fara da abin da za ka iya sau uku, ka riƙa ƙara biyu-biyu kowane mako. Ka koyi jan ciki a kan gwiwar hannu, mita 20 ka dawo, don fatar wurin ta yi kanta. Tsallen kwaɗo kuwa za ka sha shi a can har ka gode Allah. A gida kaɗan ya isa, yana cin gwiwa.

In akwai inda za ka koyi iyo cikin aminci, tare da wanda ya iya, ka koya. Ba a kududdufi kai kaɗai ba.

Mataki na biyar: rana da ruwa

Zariya tana da fuska biyu. A Disamba da Janairu hunturu ne mai fasa leɓe, ga wankan asuba da ruwan sanyi. Daga Maris zuwa Mayu kuma rana takan doshi maki 40. Ba kai za ka zaɓi lokacin da za a kira ka ba.

Jiki yakan saba da aiki cikin zafi a kwana goma zuwa mako biyu, in ana yi masa a hankali. Don haka daga mako na bakwai ka mayar da gudu ɗaya mai sauƙi zuwa hantsi ko bayan la'asar, gajere, da ruwa a hannu. Tsakar rana ba jarumta ba ce.

Fitsarinka shi ne likitanka na kullum. Fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. Ya yi duhu, ka ƙara ruwa. In kuwa ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, ga tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da kima, to tsoka ce ke narkewa tana zuba cikin jini, kuma tana iya kashe ƙoda. Asibiti a ranar, ba gobe ba. Saboda ƙodar ne ma nake hana samari haɗin kemis na maganin gajiya. Diklofenak da ire-irensa, in aka sha su jiki ba ruwa, ƙoda suke wahalarwa, sannan su rufe maka bakin ciwon da ke ƙoƙarin gaya maka gaskiya.

Zufa ba ruwa kaɗai take fitarwa ba, har da gishiri. Bayan doguwar tafiya ka haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa lita ɗaya, wato leda biyu, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ka kuma san alamar wanda zafi ya buga, domin wata rana abokinka ne: tangaɗi, sambatu, rashin sanin inda yake. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwarara masa ruwa ana fifita, a nemi likita da gudu. In shirin naka ya faɗo cikin azumi, ka mayar da gudun bayan buɗa baki, ka rage shi.

Mataki na shida: abinci da barci

Wake, ƙwai, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, kifi, fura da nono, zogale, duk suna gina tsoka, kuma ba su fi ƙarfin talaka ba. Siriri ya ƙara ci, mai teɓa ya rage lemon kwalba. Amma horon da ya fi muhimmanci shi ne na baki: ka koyi cin abin da ka samu, da sauri, ba tsaɓe-tsaɓe. In kai ɗan gatan Inna ne da ba ya cin teba, ba ya son wake, sai tuwo da man shanu, to ka fara sabawa. Ka riƙa ba kanka minti biyar ka gama kwano. Garin kwaki da sukari da gyaɗa abokin tafiya ne, ka daidaita da shi.

Barci kuwa ba a koyon rashinsa, kada ka azabtar da kanka a banza. Abin da ake koya shi ne tashi da wuri da kwanciya da wuri. Ka riƙa tashi ƙarfe huɗu, ka gyara shimfiɗa, ka yi wanka, ka shirya cikin minti goma. Ka kashe waya bayan isha'i. Ka koyi yin barci duk inda ka sami minti 20, a tabarma ko a jingine.

Mataki na bakwai: zuciya

Mu a nan in an ce yaro yana da zuciya, yabo ne: ba ya ɗaukar raini. A Defo wannan zuciyar ce takan kori mutum. Ranar da ka shiga za a yi maka aski ƙwal, gemu ya tafi, sunan da ake kiranka da shi a gida ya koma lamba. Kofur ɗin da watakila ka girme shi, wanda ba yarenku ɗaya ba, zai tsaya dab da fuskarka yana daka maka tsawa a kan maɓallin da ba ka ɓalla ba. Za a sa ku birgima a ƙasa saboda laifin wani da ba ka ma san sunansa ba. Za ka goge but ya yi ƙyalli, a ce bai yi ba.

In ka san dalilin abin, zai zo maka da sauƙi. Ana so ne a ga ko hannunka da kunnenka za su ci gaba da aiki alhali kana cikin gajiya da tsoro da fushi, domin a fagen daga haka za ka kasance. Fareti da ake maimaitawa sau ɗari, don oda ta riƙa isa ƙafa ne ba tare da ta tsaya shawara a kai ba. Hukuncin gayya kuma don ku gane cewa kuskuren mutum ɗaya kowa yake ci. Tsawar ba da kai ake ba, da kurtu ake. Gobe wani za a yi wa.

Ana horar da zuciya kamar yadda ake horar da ƙafa. Ga abin da nake sa yaran filinmu su yi. Bayan gudu, suna haki, sai in ba mutum aiki ƙarami mai son natsuwa, ya zura igiyar takalmi daga farko ko ya ƙirga daga 100 zuwa ƙasa da bakwai-bakwai, abokansa kuma su kewaye shi suna ihu suna kushe shi. Ranar farko wani har jifa yake yi da takalmin. Bayan mako biyu sai ka ga yana yi yana murmushi. A gida ma akwai filin gwaji: in yayanka ko mahaifinka ya yi maka faɗa a kan abin da ba ka yi ba, ka ce "to", ka yi shiru, ka kawo bayani bayan awa ɗaya. Wanda ya kasa wannan a tsakar gidansu, da wuya ya iya a gaban samanja.

Ka koyi riƙe numfashi: ja ta hanci kana ƙirga huɗu, riƙe huɗu, saki huɗu, dakata huɗu. Sau biyar ya isa ya sassauta bugun zuciya. Wani da zikiri yake haɗawa, kuma yana yi masa aiki. Ka koyi gutsura lokaci. Wanda ya kwanta a daren farko yana lissafin wata shida, shi ne yake fara kallon katanga. Kai dai ka ce bari in kai karin kumallo. In ka kai, ka ce bari in kai abincin rana. Makonnin farko su ne mafi ɗaci, lokacin da jiki bai saba ba, kewar gida kuma ta taso. Babba da gemunsa yakan yi kuka a cikin bargo, kuma ba abin kunya ba ne.

Za ka kwana da yara daga jihohi 36 da Abuja. A zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki. Rundunar ma tana jingina asalinta ne ga 'yan dakarun da John Glover ya tara a Legas a 1863, waɗanda ake kira Hausawan Glover. Yau kuwa oda da Turanci ake ba da ita, hira kuma da buroka. Ka san hagu da dama da Turanci har su zauna maka kamar sunanka, don wanda ya juya dama alhali kowa ya yi hagu, shi ne abincin kofur na ranar. Kada ka maƙale wa 'yan garinku kaɗai. Wanda zai riƙe maka jaka ranar da ƙafarka ta ƙi, mai yiwuwa daga Ebonyi yake. Kai ma in ka ga mai rauni, ka ja shi, kada ka tsane shi don an hukunta ku saboda shi.

Ibada ba a hana ta. Akwai masallaci da coci a bariki, rundunar tana da limamanta da fastocinta. Sai dai lokaci ba naka ba ne. Ka je wurin malaminka tun yanzu ka tambayi hukuncin taimama da haɗa salla da ramuwa, ka kuma warware maganar aske gemu a ranka kafin ka tafi.

Abu ɗaya kada haƙuri ya rufe maka ido a kansa: wahala daban, ciwo daban. Jiri, ciwon ƙirji, baƙin fitsari, zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ciwon ƙashi na wuri ɗaya, waɗannan a kai su asibitin bariki, ko za a kira ka rago. Haka in tunani ya yi maka nauyi har ka fara jin gara ka cutar da kanka, ka gaya wa liman ko likita ko wani na gaba da kai a ranar.

Mataki na takwas: zauna da iyayenka

Ka gaya musu gaskiya, kai ma ka gaya wa kanka. Wanda aka yaye daga Defo ana iya tura shi ko'ina, har da Borno da Yobe inda ake fama da Boko Haram, ko dazukan Zamfara da Katsina. Da ka yi rantsuwa ka shiga ƙarƙashin dokar soja, kuma guduwa daga aiki laifi ne da ake hukuntawa. In don albashi kawai za ka, ka sake tunani tun kana da damar fasawa ba tare da laifi ba. Ka gaya wa mahaifiyarka za a yi makonni ba ta ji muryarka ba, kuma shirun ba ya nufin wani abu ya faru. Ka gaya mata kada ta tura wa kowa kuɗi don ya bugo waya ya ce kana kwance a asibiti, sai ta tabbatar. Ka biya bashin da ke kanka, ka nemi gafara da albarka.

Makon tafiya

Ka rage gudu zuwa rabi, ka daina ɗaukar kaya, ka yi barci sosai. Ƙarfin da ba ka tara a mako 12 ba, ba za ka tara shi a kwana bakwai ba. Kada ka gwada sabon takalmi ko sabon magani. Ka ɗauki abin da takardar kira ta lissafa kawai, ka bar zobe da laya da agogo mai tsada a gida. Takardunka na asali da kwafinsu ka sa su a leda biyu saboda ruwa. Ka rubuta lambar wayar mutum biyu na gida a takarda, ka kuma haddace su. Ka rubuta sunanka da alƙalamin da ba ya gogewa a jikin bokiti da kwano da cikin wuyan riga. Allura da zare baƙi da kore, reza, filasta, basilin ƙarami, da safa fiye da yadda kake zaton za ka buƙata.